Tafkin Bosumtwi da Tambayar Ƙaddara

A ƙasar Asante ta Gana, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, akwai tafkin Bosumtwi, wanda faɗin raminsa ya haura kilomita 10, kuma masana sun tabbatar cewa dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya, shekaru fiye da miliyan 1 da suka shige, ya fasa ƙasa, ya narkar da duwatsu, har tarkacensu ya watsu zuwa Kodebuwa. Duk mai rai da ke kusa ya halaka a ranar. Yau kuwa ƙauyuka ne kewaye da ruwan, masunta na hawa gungumen itace suna kamun kifi.

To, shin faɗuwar nan katsaham ce, ko hukunci ne? Masanin taurari zai lissafa maka tafiyar dutsen, lissafinsa kuma gaskiya ne, sai dai malaman tauhidi, irin su Imam Gazali da Shehu Sanusi mai Ummul Barahin, sun riga sun bambance sababi da Mai sababi, suka ce abin da muke kira ɗabi'a al'ada ce da Ubangiji ke gudanarwa. A ganina, inda hankali ke tsayawa shi ne ma'aunin sharri, domin mu da ba safai muke wuce shekara saba'in ba, muna gaggawar yanke hukunci kan aikin da amfaninsa ke ɗaukar ƙarnoni kafin ya bayyana. Amma dabbobin da suka ƙone, kifin yau bai biya su komai ba, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi yi mini nauyi.