Amanar Wasiƙa da Zaɓen Manhajar Imel a Ƙaramar Kwamfuta

Wasiƙar imel tana zama ne a wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda masana ke kira uwar garke, waya kuwa leƙawa kawai take yi ta karanto. Ga yawancin masu imel a Gumel ko Maigatari, wannan kwamfutar ta kamfanin Google ce ko Yahoo. Tun da Raspberry Pi ta fito a Ingila a 2012, kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba kuma ba ta cin wuta sosai, ya zama mai yiwuwa mutum ya ajiye wasiƙunsa a ɗakinsa. Sai dai kafin a kai ga zaɓen manhaja akwai tambayar da ta fi shi nauyi: amanar nan a hannun wa ta fi dacewa?

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Gumel, ya yi bayanin ajiya a Risalar Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Malaman fiƙihu sun kuma hana mutum karɓar ajiyar da ya san ba zai iya tsarewa ba. Fataken da ke zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari sun san wannan a aikace, don ba sa barin kuɗinsu sai wurin fatoman da suka tabbatar yana da gaskiya, yana kuma da wurin ajiya mai tsaro. Gaskiya ita kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da iyawa.

Damuwar masu son janye wasiƙunsu daga hannun kamfani tana da tushe. Sai a 2017 Google ya daina bin saƙonnin Gmail don tsara talla, kuma Dokar Kare Bayanai da Najeriya ta yi a 2023 shaida ce cewa sirrin mutum haƙƙinsa ne. Amma wanda ya kafa uwar garke a gida ya tashi daga mai ba da ajiya ya koma mai riƙonta. Idan ya buɗe akwatuna ga iyalinsa, ko malaman wata makaranta, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, to yana da ikon buɗe kowace wasiƙa tasu. Hanin da aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi game da binciken sirrin mutane ya hau kansa kai tsaye, kuma jarrabawarsa ta fi ta kamfani tsanani, tunda masu wasiƙun maƙwabtansa ne da ya san su ido da ido.

Manhajojin kashi biyu ne. Akwai tsofaffin da ake haɗawa da hannu: Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, tana aikawa da karɓa, Dovecot kuma, ta Timo Sirainen ɗan Finland, tana tsare akwatuna. Ba su da nauyi, amma suna buƙatar mai haƙurin karatu. Akwai kuma dunƙulallu irin su mailcow, masu sauƙin girkawa, sai dai mailcow tana neman ƙwaƙwalwar da ta kai gigabait 6, abin da ƙananan kwamfutoci da yawa ba su da shi. A ma'aunin amana, wadda ta fi ita ce wadda mai ita ya fahimta har zai iya gyara ta ranar da ta tsaya, wadda kuma waɗanda suka ƙirƙiro ta ke ci gaba da toshe ɓarakar tsaronta.

Yanayin wurin ma yana cikin hukuncin. Yankewar wuta tana iya lalata katin ajiyar Raspberry Pi, saboda haka sola da batir sun zama tilas, haka ma kwafin wasiƙun a wani wuri dabam. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar intanet ta layin waya ce, irin wannan layin kuma galibi ba ya ba da tsayayyen adireshin da sauran uwayen garke za su nemo. Idan kwamfutar ta mutu, masu aikowa sukan yi ta gwadawa kwana huɗu zuwa biyar, daga nan wasiƙar ta koma inda ta fito. Tun Fabrairun 2024 kuma Gmail na iya ƙin wasiƙar da ba ta ɗauke da shaidar SPF ko DKIM, wadda ke tabbatar da inda ta fito. Takardar ɗaukar aiki da ta ɓace ta wannan hanyar haƙƙin wani ce da ya salwanta, kuma in an san hatsarin aka yi shiru, sakaci ne.

Wanda zai ajiye wasiƙun kansa kaɗai don koyo, babu laifi a kansa, har abin ƙarfafawa ne ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da makamantansu. Wanda zai riƙe na wasu kuwa, wajibi ne ya tanadi wuta da tsayayyen adireshi da kwafi, ya kuma faɗa musu ƙarara cewa yana da ikon ganin saƙonninsu. In bai cika waɗannan ba, bai halatta ya karɓi ajiyar ba.