Amanar Magana: Tsarewa ko Miƙawa?

Kowane manomi a Kazage ya san hanya biyu ake rasa iri. Ko dai a bar shi ya gauraye da wani har a kasa gane asalinsa, ko kuwa a kulle shi a rumbu shekara da shekaru, ranar da aka shuka ya ƙi tsirowa. Maganar da muka gada daga iyaye ita ma iri ce. Tambayarmu, 'yan'uwa, ita ce: wa ya riƙe amanarta, wanda ya tsare ta ko wanda ya miƙa ta? Domin mu ga al'amarin sarai, bari mu leƙa ƙasar Indiya.

Mafi tsufa cikin littattafan addinin Hindu shi ne Rigbeda, da harshen Sanskirit. Waƙoƙin ibada ne 1,028, an kasa su kashi 10, baitocinsu sun haura 10,000. Masana suna ganin an tsara su a arewa maso yammacin Indiya tsakanin shekara ta 1500 da ta 1000 kafin haihuwar Almasihu. Ɗaruruwan shekaru ba wanda ya rubuta su. Daga bakin malami suke shiga kunnen almajiri.

Ba haddar wasa ba ce. Almajiri zai fara rera baiti yadda yake. Sa'an nan ya rarrabe shi kalma kalma, bisa tsarin wani malami mai suna Shakalya. Sa'an nan ya haɗa kalmomin bibbiyu, ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku. Daga nan ya riƙa kai su gaba yana dawo da su baya kamar mai tufka igiya, har ya zama idan harafi ɗaya ya zame, kunne zai kama shi nan take. Har hawa da saukar murya sun kiyaye. Mu da muke jin bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya mun san muhimmancin wannan.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. Cikin rubuce-rubucen hannu 30 na Rigbeda da ke ajiye a cibiyar Bhandarkar a birnin Pune, mafi tsufa na shekarar 1464 ne. Bajamushen nan Max Muller ya buga littafin a Ingila tsakanin 1849 da 1874. Duk da wannan doguwar tazara, saɓanin da ke tsakanin takardu da bakin mahaddata ƙanƙane ne. Irin bai gauraye ba. Wannan riƙon amana ne da ya cancanci girmamawa.

Amma fa akwai ɗaya hanyar asarar. An keɓe karatun ga wasu gidaje, an haramta shi ga mutanen da ake kira Shudura, wato masu hidima. Albiruni, malamin Musulmi da ya rubuta labarin Indiya wajen shekarar 1030, ya ce da yawa suna rerawa ba tare da fahimtar ma'ana ba, kuma ba su yarda a rubuta ba. Ya ambaci wani mutumin Kashmir da ya daure ya rubuta domin tsoron kada a manta. Tsoronsa da dalili. Malamin nahawu Patanjali ya lissafa rassan karatun Rigbeda 21, amma yau reshen Shakala ne aka fi sani, galibin sauran sun ɓace. Gidan da ya riƙe reshe idan ya ƙare, reshen ya bi shi kabari.

To, mu dawo gida. A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Birnin Gwari, ƙauyuka sun watse, dattawa da yawa sun rasu a gudun hijira. Wani ya tafi da sanin iyakar gonaki, wata ta tafi da sunan saiwar da ke kwantar da zazzaɓi, wani da jerin kakanni da harshen gida, Kamuku ko Gwari. Wasunsu suna jiran lokacin da ya dace su faɗa, lokacin bai zo ba. Mu ma ba mu tambaya ba. Waɗanda suka koma gona bayan sulhun ƙarshen 2024 sun san abin da ake nufi da rashin mai shaidar iyaka.

Wani zai ce, ai magana idan ta shiga bakin kowa lalacewa take yi. Gaskiya ne, kuma takarda ma gara na cin ta, wuta na lashe ta. Amma maganin wannan shi ne koyarwa da kyau, ba ɓoyewa ba. Mai ɓoyewa ya ɗauki ajiya kamar mallakarsa ce. Mai sakaci kuwa ya miƙa abin da ba shi aka ba shi ba. Dukansu biyu sun ci amana.

Saboda haka, a makon nan mu zauna gaban tsohon da ya rage mana. Mu tambaye shi, mu maimaita masa har ya ce haka ne, mu nemi ma'ana, mu rubuta, sa'an nan mu koya wa yaro, mace da namiji. Allah ya sa mu miƙa irin yadda muka karɓe shi, tun yana da rai.