Idan Ruwa Ya Janye

Mai karatu, ko ka taɓa tsayawa a kan gadar Kubanni, wadda ta haɗa Sabon Gari da Tudun Wada, ka leƙa ƙasa a tsakiyar bazara? Ni dai na leƙa, ran nan da na rufe shago zan je gaisuwar rasuwa. Rafin nan da ke cika yana tumbatsa a watan Agusta ya koma ɗan siririn baƙin ruwa, yana raɓe-raɓe kamar mai jin kunya. Sauran duk yashi ne da taɓo, ga ledoji, ga tsofaffin tayoyi, ga takalmi wari guda, ga katifar da wani ya gaji da ita. Ba daga sama suka faɗo ba. Mu muka zuba, muka ce ai ruwa zai tafi da su.

Da na koma gida Samaru na ba ɗana labari, sai ya ce, "Baba, ai wasu ƙasashen da gangan suke janye nasu ruwan." Ya nuna mini hotuna a waya. A Kanada akwai wata hanyar ruwa da aka haƙa, Welland, mai tsawon kilomita 43, wadda manyan jiragen dakon kaya ke bi tsakanin tafkin Ontariyo da na Erie. Kowace shekara in hunturu ya tsananta sai a rufe ta, a tsiyaye ruwan, ƙofofin ƙarfe su fito tsirara, ma'aikata su sauka ciki suna liƙe tsaga. A Paris ta Faransa ma, a 2016 an tsiyaye wata mai suna Saint-Martin, aka fara kwashe kifaye, sannan aka shiga tsamo kekuna da babura da kwalabe. Ashe ƙazanta ba ta san launin fata ba! Bambancin kawai, su da kansu suka sa ranar.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu kan sa a yashe rijiya da rani. A ɗaura wa mutum igiya ya shiga, ya yi ta miƙo taɓo da gugan da suka tsinke, wani lokaci har da kwanon da aka shekara ana zargin yarinyar maƙwabta da ɗaukewa.

To, bari in faɗi abin da ya hana ni barci. Shekara huɗu ke nan nake riƙe da kuɗin adashin 'yan layinmu a kasuwar Sabon Gari. Bara matata ta kwanta asibiti, na sa hannu na ɗiba, da niyyar in mayar bayan Sallah. Sallah ta wuce, wata ta zo. Babu wanda ya sani, don kowace Juma'a sabon zubi na shigowa, in ɗauki na wannan in cika wa wancan kwasarsa. Kowa in ya zo sai ya ce, "Malam, Allah Ya bar mana kai." Ni kuwa in amsa da amin.

Kullum ina lallashin zuciyata da cewa Allah Ya rufa mini asiri, don me zan tona wa kaina? Kuma wallahi maganar ba ta banza ba ce. Rufin asiri ni'ima ne, shi muke roƙo safe da yamma, kuma ba kowane taɓo ne ya kamata a baje a bainar jama'a ba. Wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ya tuba, ya yi shiru, ya fi. Amma ni fa? Ruwan da ya rufe ni ba nawa ba ne, gumin mai gyaran rediyo ne da na tsohuwa mai sayar da daddawa. Shin wannan sutura ce, ko kuwa damina ce kawai ba ta ƙare ba? Madatsar da Jami'ar Ahmadu Bello ta gina a kan Kubannin nan a 1973, laka takan taru a gindinta a hankali, mai kallo daga baki kuwa ruwa kawai yake gani shimfiɗe.

Abin da ya fi ba ni tsoro, ranar da kasuwa za ta ja baya mutum biyu ko uku su kasa zubi, ba ni zan fara faɗawa ramin ba, wanda kwasarsa ta zo ne. Na duba littafi, bayan mako biyar tsohuwar nan ce, kuma kayan ɗakin jikarta za ta saya.

Jiya bayan la'asar na sa littafin a aljihu na nufi rumfar shugabanmu. Na tarar yana awon atamfa, sai na zauna a benci ina jira. Da ya sallami mai saye ya juyo ya ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Na ce, "Alhaji, so nake ka tara mutane ranar Juma'a, a ƙirga kuɗin nan a gaban kowa."