Albashin Mai Aiki a Baƙon Wuri: Nasa Ne, Ko Na Dangi?

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya wadda ba a yin ta a jarrabawa, amma kowane ɗayanku sai ya amsa ta wata rana, ko ya so ko ya ƙi. Ga ta: in yaro ya gama karatu, ya bar garinsu, ya sami aiki a Kaduna, ko Ikko, ko Fatakwal, kuɗin da a ke ba shi ƙarshen wata na wane ne? Waɗansu sun ce nasa ne, tun da shi ke guminsa ne. Waɗansu sun ce a'a, na gidan da ya haife shi ne, shi ɗan aike ne kurum. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce, gama a kanta uwa ta kan yi fushi da ɗanta, wa da ƙane su daina gaisawa, a kanta kuma akawu mai kirki ya kan ƙare a gidan kurkuku.

Barin gida don neman abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa fatake su kan kora jakuna zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, su komo da goro bayan watanni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, haƙar kuza kuma ta bunƙasa a Jos da Bukuru, sai hanya ta ƙara faɗi. Samari daga Sakkwato da Katsina da Damagaram su kan ƙare girbi su tafi cin rani. Amma ku lura da bambanci guda. Ɗan cin rani ya kan komo kafin ruwan shuka da abin da ya tara a dunƙule, a biya haraji, a sayi akuya, a kai kuɗin aure, magana ta ƙare sai baɗi. Mai albashi kuwa ya tafi ke nan, ba ya komowa noma, kowa kuma a garinsu ya san ranar da a ke biyansa. Watau wata goma sha biyu, saƙo goma sha biyu.

To, bari mu fara sauraron dangi, don suna da hujja mai ƙarfi. Wane ne ya haifi kansa, ya yi renon kansa? Sa'ad da ka ke zaune a aji kana koyon jam'i da ɗebewa, kunyar da ya kamata ka nome wani ne ya nome ta. Wanka ne ya yi kiwon awakin da ke rabonka, uwarka ta soya ƙuliƙuli ta saya maka littafi, kawunka ya sauke ka a gidansa shekara uku bai taɓa cewa ka kawo ko ƙwayar gero ba. Ilmin da ke kanka, wanda a ke biyanka dominsa, jari ne da hannuwa da yawa suka tara. Saboda haka wanda ya buɗe baki ya ce, “Albashina nawa ne ni kaɗai,” bai faɗi gaskiya ba. Ya yi kamar wanda aka ɗora bisa itace, da ya kai ga 'ya'ya sai ya shure tsani. Hausawa sun riga sun yanke masa hukunci, sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Sa'an nan mu saurari mai aikin, shi ma yana da tasa. Mu yi lissafi, kamar yadda mu kan yi a allo. A 2024 aka yanke mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Mu ce ga saurayi yana karɓar wannan a baƙon gari, 'yan'uwa goma kuma suka aiko, kowa yana neman naira 5,000 kurum. Kowannensu yana ganin abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba. Amma jimla ta zama 50,000, saura 20,000, in ka raba ta kwana talatin ba ta kai naira 700 a yini ba. Da wannan zai biya kuɗin ɗaki, ya ci abinci, ya shiga mota zuwa wurin aiki, ya sayi sabulu. Su goman nan kuma ba wanda abin ya kashe wa ƙishirwa, gama in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Me ya kan biyo baya? Saurayin nan yana jin kunya a kira shi marowaci, sai ya ci bashi wurin mai shago, ya ci na abokin aiki ya biya mai shago. Kafin wata ya mutu albashin gaba ya riga ya zama na mutane. Ran nan sai ya duba akwatin ofis ya ce aro zai yi, ya mayar ranar biya. Ko kuwa wani talaka ya zo neman takardarsa, shi kuma ya riƙe ta sai an ba shi goro. Da yawa cikin waɗanda suka ɓata sunansu ba mugunta ce ta fara jan su ba, rashin iya cewa “babu” ne. Dangi suka samu abin kashewa na kwana biyu, suka rasa ɗansu da aikinsa gaba ɗaya.

Shi ma kansa ba a wanke shi sarai ba. Sau da yawa shi ne ya kan koya wa dangi zaton yana da abin da ba shi da shi. Ya zo gida da Salla cikin babbar riga ta bashi, yana rabon kuɗi a ƙofar gida don maroƙa su ambaci sunansa. To, wanda ya ga haka yaya zai yarda in an ce masa babu? Ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙaryar arziki kuwa ta fi kowace tsada.

Akwai kuma abin da dangi da mai aiki duka su kan manta, watau baƙo raɓa ne, aiki kuma ba gado ba ne. A 1969 gwamnatin Busia ta ƙasar Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita, mutanen Nijeriya da na Nijar masu yawa suka bar zangunan Kumasi da sauran garuruwa, suka komo da abin da hannu zai iya ɗauka. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta ciyar da dubban gidaje, amma a 2002 aka rufe ta, waɗansu kuma suka biyo bayanta. A 1974 kwamitin Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi, aka biya ma'aikata har da na watannin baya, aka cika kasuwa ana sayen rediyo da babur. Ba a daɗe ba tsadar kaya ta cinye ƙarin. Kowannenku, ko a makarantar mishan ya ke ko ta gwamnati, ya san labarin Annabi Yusufu a Masar, da shekaru bakwai na ƙoshi, da bakwai na yunwa. Da bai tara hatsi ba, da me zai ba 'yan'uwansa sa'ad da suka zo?

Ashe ke nan ajiya ba rowa ba ce. Manomi ya kan ware iri ya rataye a rumbu, ko yara suna kukan yunwa da bazara ba ya taɓa shi, ba kuwa wanda ya taɓa ce masa marowaci. Abin da mai albashi ya sa a adashi, ko asusu, ko banki, shi ne irinsa, kuma ranar da ciwo ya kama tsohuwa, daga nan maganinta zai fito. In wani ya ce lissafi rashin dogara ga Allah ne, sai ku tambaye shi: zakka, da a ke fid da kashi ɗaya cikin arba'in, yaya wanda bai san yawan abin da ya mallaka ba zai fid da ita?

Ga amsar da na ke gani. Albashi amana ce a hannun mai shi: shi ke da ikon rabo, amma ba shi kaɗai ke da hakki a ciki ba. Hakkokin kuwa ba tsayinsu ɗaya ba. Abincin iyaye da na iyali wajibi ne, ba kyauta ba, a fid da shi ranar biya kafin a taɓa kome. Karatun ƙanne ko koyon sana'arsu biyan bashin da aka yi maka ne. Iri na biye, ko kaɗan ne, kowane wata. Abin da ya saura shi ne na biki da suna da baƙo, in ya ƙare kuwa ya ƙare, a faɗi haka da ladabi, ba da cin bashi ba. Ka gaya wa mahaifinka ainihin abin da ka ke karɓa, da abin da ɗaki da abinci ke ci. Dattijo in ya san gaskiya shi zai tare maka masu roƙo. Gara kuma ka daure wata shida ka saya wa ƙanenka keken ɗinki, ya tsaya da ƙafarsa, da ka yi shekara goma kana yayyafa wa mutum ashirin abin goro. Kada ka manta zumunta a ƙafa ta ke: gaisuwa da ziyara da zuwa ta'aziyya suna cikin hakkin dangi, kuɗi ba ya tsaya musu.

Na san da yawanku ku ke karanta wa iyayenku jarida da dare. In kun kawo nan, ku ɗaga murya kaɗan, don maganar tasu ce. Iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, ɗan da kuka aika nesa ba rijiya ba ne; ko rijiyar ma in an matsa mata da guga ta kan ba da laka. Ku tambaye shi lafiyarsa kafin ku tambaye shi saƙo.

Ku kuma samari, tun yanzu ku nemi ɗan littafi ku riƙa rubuta abin da ya shigo hannunku da abin da ya fita, ko na ƙosai ne. Wanda bai iya riƙon naira ɗari ba, dubu ɗari ma ba za ta zauna masa ba. Wanda ke ganin maganar nan da gyara, ya rubuto wa Edita, mu ji tasa hujja. Allah ya ba ku aiki mai albarka, ya sa ku ci, iyayenku su ci, ya kiyashe ku da kunyar bashi, amin.