Awon Malami: Don Gyara Ne Ko Don Kora?

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, da tambayoyi irin na 'yan aji huɗu. An ce sai wanda ya sami maki 75 cikin 100 ne ya ci. Da sakamako ya fito, malamai 21,780 ba su kai ba, gwamnati kuwa ta sallame su, ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, ta ƙi amincewa, har ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. Maganar ta raba kan iyalai da yawa. Wani yana kukan ɗan'uwansa da ya rasa hanyar abinci, wani yana kukan ɗansa da ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Dukansu biyu kukan gaskiya suke yi. To, ta yaya za a auna malami ba tare da an zalunci ɗayansu ba?

Da fari, auna malami hakkin yaro ne. Shekara shida ta firamare ba ta dawowa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai hali yakan cire ɗansa ya kai shi makarantar kuɗi, amma ɗan manomi da ɗan gwauruwa ba su da wata mafita sai makarantar gwamnati. Idan an bar malamin da bai iya lissafi ba a gaban yara sittin don ana jin tausayinsa, waɗannan yara ne za su biya kuɗin tausayin da rayuwarsu. Saboda haka wanda ya ce kada a auna malami ko kaɗan bai yi wa talaka adalci ba.

Amma akwai tambaya ta biyu: wa ya kawo malamin nan aji? Akwai kwalejin da ta ba shi takardar shaida. Akwai ofishin da ya ɗauke shi aiki, da hedimastan da ya zauna da shi shekara da shekaru, da sufeton da ya sa hannu a littafin baƙi ya wuce. Tun 1993 aka kafa hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa domin tsare ƙofar wannan sana'a. Gwamnatin Kaduna da kanta ta faɗa cewa siyasa ta daɗe da shiga cikin ɗaukar malamai. In haka ne, sakamakon 2017 na shugabanni ne kamar yadda yake na malamai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Awon da ya tsaya a kan ƙarami kaɗai, ya tsallake wanda ya ɗauke shi, rabin gaskiya ne.

Jihar Kwara ta bi wata hanya dabam. A 2008 ta gwada malamanta fiye da 19,000, sakamakon kuwa ya tayar da hankali ƙwarai. Maimakon kora, sai ta zaɓi ta sake horar da su, ta sa jami'an da za su riƙa zuwa makarantu suna taimakonsu a cikin aji. Wannan hanya ma tana da nata nauyi, gama horo yana cin lokaci, yaro kuwa yana girma ba ya jira. Duk da haka ta nuna cewa ana iya auna mutum domin a san ciwonsa a ba shi magani.

Jarrabawar yini ɗaya tana iya nuna ko malami ya san abin da zai koyar, wannan kuwa wajibi ne. Amma ba ta ganin haƙurinsa da yaro mai nauyin fahimta, ko zuwansa aiki a kan lokaci. Wanda zai ga waɗannan shi ne hedimastan da yakan zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya duba littattafan yara, daga baya ya kira malamin a keɓe su yi shawara. Irin wannan awo ba ya yiwuwa sai da amincewa. Malamin da ya san faɗin kasawarsa zai jawo masa kora zai ɓoye ta, amma in ya san zai sami taimako, da bakinsa zai ce bai gane darasin kaza ba.

Don haka awo na gaskiya yana da sharuɗɗa. A zauna da malamai a yarda da mudun tun kafin ranar awo. A faɗa wa wanda ya kasa inda ya kasa, a ba shi horo da wa'adi. A kuma auna shugabanni da mudu mai kama da wannan: ko albashi ya zo a kan kari, ko akwai alli da littattafai, ko rufin aji yana yoyo. Bayan an cika waɗannan, wanda ya ƙi gyaruwa ba shi da hujjar zama a gaban yara, ƙungiyar malamai ma bai kamata ta kāre shi ba, gama mutuncin malamai masu aminci ne yake zubarwa.

Iyaye kuma suna da rabonsu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uban da yakan buɗe littafin ɗansa da yamma, da uwar da takan halarci taron iyaye da malamai, su ne sukan fara gane ko ana koyarwa. Idan sun ga kuskure, su fara zuwa wurin malamin da ladabi, sa'an nan hedimasta. Idan kuwa sun ga malami mai ƙwazo wanda ya yi watanni ba albashi, su je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su yi magana dominsa, kamar yadda za su yi domin 'ya'yansu.