Ɗaki a Ƙetaren Kogi

Akwai wata magana da ta yi ta dawowa gabanmu a 'yan watannin nan, wani lokaci a bakin ƙofar majami'a bayan Misa ta farko, wani lokaci a taron Zumuntar Mata. Wanda ya ji ta sama-sama zai ce maganar haya ce da kuɗin mota. Amma da muka zauna muka juya ta, sai muka ga ta taɓa abin da muke furtawa da bakinmu kowace Lahadi, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo ta wannan shafi.

Ga yadda take. Wata 'yarmu mai shekara ashirin da shida ta gama karatun jinya, ta sami aiki a wani asibiti a arewacin birnin Kaduna. Gidan iyayenta yana Sabon Tasha. Kowace safiya takan fita tun gari bai gama wayewa ba, ta hau keke zuwa bakin titi, ta shiga bas ta bi hanyar Kachia, ta haye gada ta sauka Kasuwa, sannan ta sake neman wata motar. Ranar da aikin yamma ya faɗo kanta kuwa, ƙarfe tara na dare takan same ta tsaye a gefen hanya tana ɗaga hannu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta a baya. Yarinyar ta lissafa, ta ga hanya tana cinye mata babban kaso na albashi da kusan awa uku na kowane yini. Sai wata abokiyar aikinta ta samo mata ɗaki a wajen Malali, tafiyar minti goma da ƙafa daga asibitin. Mai gidan Musulmi ne, yawancin maƙwabta ma haka.

Mahaifiyarta ta zo wurinmu da hawaye. Ta ce, "Fada, ku yi mata magana. Mun baro Tudun Wada da kayan jikinmu kaɗai, ita tana goye a bayana. Yanzu da ƙafarta za ta koma?"

Ba za mu yi wa wannan uwa dariya ba, kuma muna roƙon matasanmu kada su yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A watan Fabrairu da na Mayu na shekara ta 2000, rikicin da ya biyo bayan maganar shari'a ya ci rayuka fiye da dubu a wannan birni. A Nuwamba 2002 aka sake zubar da jini, mutum fiye da 200 suka rasu. Bayan haka ne Kaduna ta rabu a kan koginta: Kirista suka kwashe suka nufi Sabon Tasha, Narayi, Television, Romi da Gonin Gora, Musulmi kuma suka bar kudu suka koma Tudun Wada, Rigasa da Kawo. An sayar da gidaje da araha, wasu an yi musanyarsu, wasu an bar su kango. Dattawanmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri suna iya ba da labarin lokacin da Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo suke zaune gida ɗaya, suna layi a famfo ɗaya. 'Ya'yan da aka haifa bayan 2000 ba su san wannan Kaduna ba.

To, tambayar ita ce: laifi ne Kirista ya zaɓi wurin zama saboda tsoro?

Mu fara da faɗin gaskiya, Littafi Mai Tsarki bai ce laifi ba ne. A babi na biyu na Bisharar Matiyu mun ga Yusufu Mai Tsarki yana dawowa daga Masar da Yaron da mahaifiyarsa. Da ya ji cewa Arkilayus ne ya gaji ubansa Hirudus a Yahudiya, sai tsoro ya kama shi, kuma bayan gargaɗin da aka yi masa cikin mafarki ya juya ya nufi Galili, ya zauna a Nazarat. Wato Iyali Mai Tsarki da kansu sun sauya wurin zama saboda tsaro. Ba wanda ya taɓa kiran Yusufu matsoraci. Rai amana ce, kuma doka ta biyar da ta hana mu kisa ita ce ta ɗora mana kula da ran da aka ba mu. Wanda ya jefa kansa cikin haɗari ba gaira ba dalili, yana cewa Allah zai kiyaye, gwada Allah yake yi.

Sai dai mu lura da irin tsoron Yusufu. Yana da suna, yana da dalili. Sarki ne takamaimai, ɗan wanda ya kashe jariran Baitalami, a ƙasa takamaimai. Yusufu bai ce dukan mutanen Yahudiya mugaye ba ne. Katikisim na Ikilisiya Katolika, wanda ya fito a 1992, ya sa tsinkaya a gaban kyawawan halaye huɗu na tushe, tare da adalci, ƙarfin zuciya da kamewa, ya kuma ja kunne cewa kada a ɗauki tsinkaya a matsayin tsoro ko noƙewa. Tun kafin nan Toma Akwinas Mai Tsarki ya koyar cewa tsinkaya hankali ne da ke duban abu yadda yake, sannan ya yanke abin da za a yi. Bambancin ke nan. Tsinkaya takan tashi ta je ta duba, ta yi tambaya, ta auna. Tsoro ba ya zuwa ko'ina. Yana zaune a ɗaki da hoton shekara ashirin da biyar da ta wuce, yana yanke hukunci a kan layin da bai taɓa takawa ba.

In kuwa za a auna, sai a ɗora komai a kan sikeli, har da abin da muka saba da shi muka daina ganinsa. Iyaye da yawa suna lissafa haɗarin unguwa, ba sa lissafa haɗarin hanya. Yarinyar da take tsaye ita kaɗai da dare tana jiran mota, wa ya san wanda ke cikin motar da za ta tsaya? Mun sha jin labarin masu shiga da fasinja su yi masa fashi su jefar da shi, da masu ƙwacen waya da wuƙa a cikin keke, kuma waɗannan ba sa tambayar sunan baftisma kafin su zaro makami. Ga gajiya, wadda ke sa ma'aikaciyar jinya ta yi kuskuren magani. Ga kuma abin da ba ma so mu tuna: duk lokacin da gari ya rikice, wanda ya fi shiga uku shi ne wanda labari ya riske shi a tsakanin wurin aiki da gida. Haka aka gani a Afrilu 2011 bayan zaɓe, haka a Oktoba 2018 lokacin da rikicin Kasuwan Magani ya fantsamo cikin birni har aka sa dokar hana fita dare da rana. Mutum yakan tsira a cikin maƙwabtan da suka san fuskarsa, ya halaka a shingen da samarin da ba su san shi ba suka kafa. Ba mu ce hanya ta fi unguwa haɗari a kowane hali ba. Mun ce kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Ba banza ba ne Ubangijinmu ya kafa misalin Basamariye a kan hanya. Daga Urushalima zuwa Yariko tafiya ce ta kusan kilomita 27, gangara cikin duwatsu da hamada, sananniyar maɓoyar 'yan fashi. A nan aka bar mutumin kwance. Waɗanda suka ratse suka wuce shi mutanensa ne, firist da Balawi, wataƙila su ma tsoro ne ya hana su tsayawa, domin mai tsayawa a irin wannan wuri yana iya zama na biyu. Wanda ya tsaya ɗan ƙetaren kogi ne, in za mu faɗe shi da harshen garinmu. Paparoma Fransis ya ba da babi guda ga wannan misali a wasiƙarsa ta Fratelli Tutti a 2020. Mu kuma a ƙasar nan mun gan shi da idonmu: a watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga.

Kada wani ya ce mun kawo wannan don mu rufe ɗaya gefen. A yankin Malalin nan da ake magana, ranar Lahadi 28 ga Oktoba 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota cikin majami'ar St. Rita ana tsakiyar Misa. Mun binne 'yan'uwa. Wannan ma gaskiya ce, kuma uwar yarinyar ta tuna mana da ita. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, jama'ar wannan majami'a ba su rufe ƙofa sun ƙaura ba. Babbar majami'armu ta Yusufu Mai Tsarki ma tana arewacin kogi. Ikilisiya ba ta taɓa amincewa cewa rabin birni ba nata ba ne.

Akwai kuma wata tambaya da muka fi jin nauyin yi, amma dole ne. A ce wani saurayi Musulmi daga Rigasa ya sami aiki a Kakuri ko a matatar mai, hanya ta gajiyar da shi, ya zo Sabon Tasha neman ɗaki. Mu masu gidajen haya, da muke zaune a kujerun gaba ran Lahadi, za mu ba shi? Uwarsa ma za ta yi kuka, kuma tana da nata dalili. A watan Yuni 2012, bayan hare-haren da aka kai wa majami'u a Zariya da Kaduna, samari masu amsa sunan Kirista sun tare hanyar Abuja a Gonin Gora, sun kashe matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ba ma yawan ambaton wannan a tarukanmu. Ga uwar da ke Rigasa, unguwarmu ce wurin tsoro. In muna so a ce Malali ta zama amintacciya ga 'yarmu, sai mu tambayi kanmu ko layinmu amintacce ne ga ɗan wani. Zaman lafiyar unguwa abu ne da mazauna suke yi da hannunsu, ta wurin gaisuwa da zuwa jana'iza da sanin wanda ya kwana da ciwo, da kuma dattijon da zai fito ya tsawata wa samarin layinsa kafin su ɗauki gora.

Duk da haka, ba mu ce wa yarinyar ta tafi don ta zama gada tsakanin addinai ba. Muna ganin zalunci ne manya su kasa gyara abin da suka ɓata, sannan su tura 'yar shekara ashirin da shida ta biya bashin. Wanda Allah ya kira ga irin wannan shaida zai ji kiran a zuciyarsa, ba a shafin jarida ba. Ita ɗaki take nema kusa da aikinta, kuma wannan buƙata ce halattacciya. Haka kuma ba mu ce wa uwar ta yi shiru ba. Doka ta huɗu ba ta ƙarewa ranar da aka karɓi albashin fari, amma kamanninta yana sauyawa: babban ɗa yana bin iyayensa bashin girmamawa da sauraro da neman shawara, su kuma suna bin sa bashin yarda cewa ya kai ya riƙe lamirinsa. Uwar da ta ce "in kin tafi ba da albarkata ba" ta ɗora kaya mai nauyi a inda bai kamata ba. 'Yar da ta kwashe kaya a ɓoye ita ma ta yi kuskure.

Abin da muka ba su shawara ƙarami ne. Mun ce su je tare, uwa da 'ya, su ga wurin da rana, su sake komawa bayan magariba, domin unguwa tana da fuska biyu. Su gaishe da mai unguwa. Su tambayi masu shago da mai shayi yadda layin ya kasance a 2011 da 2018, wa ya tsare wa, wa ya gudu. Su duba ko akwai wasu masu haya da ba 'yan asalin wurin ba, da shekarun da suka yi. Su ga ƙofar gidan da makullinta, da ko hanyar asibiti tana da haske da jama'a da dare. Mun kuma rubuta wa Fada na majami'ar da ke kusa, domin kada 'yarmu ta sauka a wuri ba wanda ya san da ita. A nan mu ma muna da laifi: matasanmu suna ƙaura daga unguwa zuwa unguwa, daga gari zuwa gari, ba ma ba su ko takarda ɗaya da za su miƙa wa katikis na can. Zumuntar Matasa da Zumuntar Mata za su iya ɗaukar wannan aiki ba tare da kashe ko kwabo ba.

Sun je ranar wata Asabar. Matar mai gidan ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, aka yi ta gaisuwa. Cikin hira sai ta ce su ma a Television suke da zama kafin 2000, kuma har yau ba ta sake taka layinsu na dā ba. Uwar yarinyar ta tambaye ta wane layi. Suka jima suna lissafa sunayen masu shago da mai niƙa da suka sani a can.

Da suka dawo, uwar ba ta ce ta yarda ba. Ta ce a ba ta mako biyu ta yi Rosari a kai, kuma mahaifin yarinyar zai je ya ga mai gidan da kansa, namiji da namiji. Mai gidan ya ce zai riƙe ɗakin har ƙarshen wata. Yarinyar tana nan tana fita da asuba, tana hawa mota uku, kuma wannan makon aikin yamma gare ta.