Wa Zai Tsare Ƙofar Ido?

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, a wata ƙaramar ikilisiya tsakanin Gwarzo da Kabo, wani dattijo ya kawo kuka. Ya ce jikansa ya kwana uku yana firgita cikin barci, domin ya kalli fim ɗin mayu a wayar wansa. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne, yaron ya daina gai da wata tsohuwa gwauruwa maƙwabciyarsu, wai ta yi kama da mayyar fim ɗin. Dattijon ya ce, "Ina hukuma take? Don me ba za ta hana wannan abu ba?" Ya 'yan'uwa, wannan tambaya ta isa mu tsaya mu duba ta.

Lalle hukuma tana nan. A shekarar 2001 gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai, domin ta duba fim kafin a kai shi kasuwa, ta kuma sa ido a kan littattafai. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone tarin littattafan soyayya na Hausa a gaban jama'a. Amma marubuta ba su daina rubutu ba, masu karatu kuma ba su daina nema ba. Yau kuwa yaro yana kai waya rumfar masu tura finafinai, a zuba masa na Indiya, da na Amurka, da na Kudu, ya dawo gida da su a aljihu.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka yi wannan gardama ba. A Amurka a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya buga littafi yana cewa littattafan zane masu labaran kisa da fatalwa su ne suke lalata yara. Majalisar Dattawa ta kira shi ta ji bayaninsa. Masu ɗab'i suka tsorata, suka kafa wa kansu doka mai tsanani a shekarar nan. Ingila ma ta yi tata doka a 1955. Amma a 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta bincika takardun likitan, ta tarar ya sauya maganganun yaran da ya ambata, ya kuma yi ƙari. Dokar masu ɗab'in kuwa an riga an watsar da ita tun 2011. Ashe tsoro yana iya sa mai neman gyara ma ya kauce wa gaskiya.

To, sai mu ce hukuma ta janye hannunta ke nan? Ko kaɗan. Romawa sura 13 ta koya mana cewa an ba masu mulki iko domin su tsawata wa mugunta, kuma daidai ne su kare ƙananan yara. Amma sandar hukuma tana tsayawa a bakin kasuwa, ba ta shiga ɗakin kwana. Mu tuna da mutanen Afisa cikin Ayyukan Manzanni sura 19. Su ma sun ƙone littattafan sihiri, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin. Sai dai ba dogari ne ya ƙwace su ba. Masu littattafan ne suka kawo su da hannunsu, gama zuciyarsu ta riga ta juya.

Kada kuma mu ce dukan labarin ban tsoro mugu ne. Kakanninmu sun ba mu tatsuniyar Dodo da dare, muka maƙale a jikinsu, amma muka koyi jin maganar iyaye. Littafi Mai Tsarki kansa yana da labarin mai aljanu da yake zaune a makabarta, cikin Markus sura 5. Amma ku dubi ƙarshensa: an same shi a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa. Saboda haka mu auna kowane labari da abin da ya bar wa yaro a zuciya bayan an gama. Idan ya bar masa gudun mugunta, da kyau. Idan ya bar masa zargin maƙwabci, dafi ne, ko da an rufe shi da addu'a.

A nan ya wajaba mu Kirista mu dubi kanmu. A 1999 wata mai wa'azi a Kalaba ta fitar da fim mai suna End of the Wicked, wanda ya nuna yara ƙanana suna zuwa taron mayu da dare. Mutane da yawa sun zargi irin waɗannan finafinai da hura wutar kiran yara mayu, ana dukansu ana korarsu daga gida. Abin ya kai har Jihar Akwa Ibom ta yi doka a 2008 ta haramta kiran yaro maye. Sunan Yesu a bakin ɗan wasa ba ya tsarkake fim. Kafin mu nuna wa wasu yatsa, sai mu tace abin da muke haskawa a taron matasa da na zumuntar mata.

Aikin da ya rage namu ne. Uba ya san abin da yake cikin wayoyin gidansa. Uwa ta zauna ta kalla tare da 'ya'yanta, ta tambaye su abin da suka gani. Malamin makarantar Lahadi ya bayyana musu cewa jinin fim jan ruwa ne, mayyar kuwa 'yar wasa ce da aka biya ta ladan aikinta. A karanta musu 2 Timoti 1:7, a yi addu'a tare kafin a kwanta.

Shawarar da aka ba dattijon nan ita ce, ya kama hannun jikansa, su ɗauki ƙwaryar fura, su je su gai da tsohuwar. Wannan aiki ne da babu hukumar da za ta yi masa. Ubangiji ya ba mu hikimar tsaron gidajenmu. Amin.